Wayar da Ke Waƙa a Gefen Hagu

Mai girma Shugaban wannan ƙungiya tamu ta masu jan fatsa a teku, Mista Glenn Hamaguchi, wanda ya ce in taƙaita alhali ya san halina. 'Yan kwamitin kula da jirgin ƙungiya, musamman jagoransu Duane Pelkey, abokin gardamata tun kanmu yana baƙi wuluk. Fasto Winnifred Oake, wadda ta ara mana zauren cocin nan duk da ƙarnin kifin da muke bar mata kowace bazara. Dattawan da suka kafa ƙungiyar nan. Sababbin mambobin da suka shigo bana. Da dukan jama'ar garin Sooke da ke zaune a nan, har da waɗanda miyar kifi kaɗai ta kawo su: barkanmu da hantsi.

Ina godiya ga Shugaba da ya ba ni dama. Ina godiya ga kwamiti, domin sun sha sanyin hunturu suna kankare tsatsa a jikin jirginmu, Agnes B., yayin da mu sauran muke gida muna shan kofi muna kushe aikinsu. Ga waɗanda ba su san ni ba, sunana Marlys Tveit. Wancan dogon mai jar hula da ke kusa da tukunyar kofi mijina ne, Orrin, kuma ya gargaɗe ni tun a mota cewa kada in kuskura in ambaci sunansa. To, na ambata, an wuce wurin.

Abin da ya tara mu ƙarami ne a ido. Injinan sauke dalma guda biyu da ke bayan Agnes B., na dama da na hagu, suna buƙatar sabuwar igiya kafin kifi ya shigo. Kwamiti ya ba da shawara a cire wayar ƙarfe gaba ɗaya, a ɗaura zaren kitso a dukansu biyu, kuma yau za mu yi zaɓe a kan haka. Sababbin mambobi, na ga kuna kallon juna, to ku saurara. Kifin salmon da muke nema ba ya hawowa sama don ya gaishe ku. Yana can ƙasa cikin duhu, saboda haka muke ɗaure dunƙulen dalma a igiya, mu maƙala zaren fatsa a jikinta da ɗan matsi, inji ya sauke su zuwa inda kifin yake, jirgi kuma ya yi ta jansu a hankali. Kifi na cafka, matsin ya saki, sai a bar ka daga kai sai shi. Wannan igiya da ke riƙe da dalmar ita ce muke ta kai ruwa rana a kanta: ko wayar ƙarfe irin ta iyayenmu, ko zaren roba da aka kitsa, wanda muke ce wa kitso.

Zan ɗauki maganar ɗaya bayan ɗaya, kuma ina roƙon Duane ya zauna da kyau, domin zai ji na yarda da shi a bainar jama'a, abin da bai taɓa faruwa ba.

Na farko, gishiri. Masu sayar da waya suna rantsuwa cewa ba ta tsatsa. Wataƙila a tafki haka ne. A ruwanmu kuwa, gishiri yana shiga tsakanin silin wayar ya kwanta, ya yi ta ci daga ciki, daga waje tana ƙyalli kamar sabuwa. Ranar da za ta ba ka kunya ba ta sallama. Kana cikin labari sai ka ji sandar injin ta yi tsalle, dalma ta tafi ƙasan teku, ta bar ka da baki buɗe. Kitso bai san tsatsa ba. A nan kwamiti ya yi gaskiya.

Na biyu, hannu. Ku dubi yatsuna. Ba wuƙar kicin ba ce ta yi mini wannan zane. Idan waya ta lanƙwashe sau ɗaya, ta lanƙwashe ke nan har abada, sannan silinta ya tsinke ya miƙe tsaye yana jiran yatsan mutum. In kuma ta tsinke a tsakiyar ruwa, sai ka nemo filaya da ɗan bututun matsewa, jirgi na rawa, hannu ya ƙage don sanyi, bututun ya faɗi ya shige inda ba a ganinsa. Kitso kuwa ƙulli kawai za ka yi ka ci gaba da harkarka. Jirgin ƙungiya yana ɗaukar sababbin hannu kowace Asabar, kuma ba na son kowa ya koma gida da filasta a rana ta farko. A nan ma kwamiti ya yi gaskiya.

Na uku, jan ruwa. Kitso ya fi siriri, ruwa ba ya tura shi baya sosai, don haka dalma tana sauka kusa da inda ka aike ta. Waya takan yi ciki ta koma baya, inji yana ce maka kana ƙasa, alhali ƙugiyarka tana yawo sama da kan kifin. Sai dai a nan zan ɗan rage wa Duane murna. Idan watan Agusta ya kama, halittun ruwan nan masu yauƙi suka cika mashigin teku, kitso yana kwaso su ya naɗe, su bi hannu da ƙaiƙayi, waya kuwa yanka su take ta wuce. Haka nan in igiya ta goga a dutse, waya takan yi haƙuri, kitso ba ya yi. Amma ko da na haɗa wannan da wancan, in jirgina ne ni kaɗai, da kitso zan ɗaura. Na faɗa, kuma sakatare yana iya rubutawa.

To, me ya tsayar da ni a gabanku? Batu na huɗu, wanda kwamiti ya sa a sahun aibin waya, ni kuma na zo in fitar da shi daga can. Waya tana waƙa.

Kowa a nan ya san wannan kukan. Da zarar an sauke dalma jirgi ya kama tafiya, sai wayar ta fara wani siririn amo da ke bi ta jikin jirgi ya shiga haƙoran mutum. Wasunku sun ce yana korar kifi, wasunku sun ce yana kiran kifi, kuma duk shekarun nan ban ga wanda ya tambayi kifin ba. Abin da na sani shi ne, in jirgi ya ƙara gudu a cikin ruwa, muryar takan hau. In ya rage, ta sauka. In ciyawar teku ta naɗe wayar, muryar ta shaƙe. In dalma ta taɓa ƙasa, sai ta yi shiru kwatsam.

Yawancinku kun san idon Orrin ya tafi. A hankali ya tafi, daga tsakiya zuwa gefe, har ya kai ga muka sallama namu jirgin, domin ni ba na iya tuƙi da sauke dalma da janyo kifi duk a lokaci guda. Tun daga nan Agnes B. ce kaɗai hanyarsa ta zuwa teku. Wurinsa a bayan jirgi ne, gefen hagu, tafin hannunsa a kan sandar injin. Waɗanda suka fita da shi sun san yadda ake yi. Yana zaune kamar mai gyangyaɗi, sai ku ji ya ce, "Direba, rage wuta, ba tsere muke ba." Ko kuma, "Ruwa ya juya, ƙara kaɗan." Ko, "Wani ya duba hagu, mun ɗauko ganyen miya." A duba kuwa a tarar da ciyawa.

Ba zan yi muku ƙarya ba don in ci zaɓe. Jirgin zai iya kama kifi ba tare da kunnen Orrin ba. Mai ido yana duban yadda igiya ta karkata ya san gudunsa, ga kuma na'ura a gaban direba. Agnes B. ba ta buƙatar waƙar nan. Orrin ne yake buƙatarta, domin ita ce aikinsa a cikin jirgi, kuma ita kaɗai ta rage masa.

Na san haka ne saboda abin da ya faru a kakar bara. Duane ya ɗaura kitso a nasa jirgin, ya zo har gida da fara'arsa ya ce lallai sai mun bi shi mun ga abin mamaki. Don alheri ya yi, ina shaida. Muka fita, ruwa kwance, aka sauke dalma. Duane ya buɗe hannuwa ya ce, "Mutumina, ji shiru. Ka taɓa jin irin wannan? Kamar a coci."

Orrin ya ce, "Ai ni a coci barci nake yi." Fasto, a yi haƙuri, haka ya faɗa.

Muka yi dariya. Can an jima sai ya ɗora hannu a kan sandar injin, ya ɗauke, ya sake ɗorawa. Ya juyo wajena ya ce a hankali, "Marlys, tafiya muke kuwa, ko tsaye muke?"

Na ce, "Tafiya muke, tsoho."

Ya ce, "To."

Wannan "to" ita ce maganarsa ta ƙarshe har muka dawo. Mun kama kifi masu kyau ranar. Duane ya miƙa masa sanda ya janyo ɗaya, ya janyo kuwa, ya gyaɗa kai alamar godiya kamar baƙon da aka ba kujera. A mota na ce masa, "Ka ga kifin nan kuwa, ƙato ne." Ya ce, "Ke, bar ni. Yau buhun dankali kuka ɗauka kuka kai teku kuka dawo da shi." Bayan nan mutumin da kullum yake tashina da tambayar daga ina iska ke busowa ya yi makonni bai tambaya ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma tsoro ya kama ni, domin na ga yadda zaman kujera yake cinye tsofaffin masunta a garin nan, kun gani ku ma.

Da takardar kwamiti ta iso na karanta masa, sai ya ce, "Gaskiyarsu ne. Kitso ya fi. Ki ɗaga hannu ki goyi bayansu." Na ce, "Kai fa?" Ya ce, "Ni na sha tekuna, ya ishe ni. In an ɗaura, sai in bar wa wani kujerar." Na ce, "Sannu, waliyyi. Wa zai zauna da kai a gida kowace Asabar kana bin bayana kana gyara mini yadda ake wanke kwano?" Saboda haka kada ku ɗauka tausayi kaɗai ya kawo ni, har da neman zaman lafiyar kicin ɗina.

Ga roƙona, ya Shugaba, ga roƙona, ya 'yan kwamiti. Jirgi yana da gefe biyu. A ɗaura kitso a dama, sababbin hannu su koya a can, yatsunsu lafiya. A bar waya a hagu. Duk aibin da na lissafa mata na ɗauke shi a kaina: ni zan wanke ta da ruwan famfo duk dawowa, ni zan bi ta da tsumma in nemo silin da ya tashi, ni zan datse bakinta in sake matsewa kafin gishiri ya gama da shi, kuma zan rataye safar hannu a wurin don duk mai taɓa ta. In dalma ta ɓace a hagu, ku zo ku same ni, kun san gidan. Wata riba kuma, Duane, ƙarshen kaka za mu ga gefen da ya fi kama kifi, ka ga mun samu abin gardama na shekara mai zuwa.

Allah ya ba mu ruwa kwance da iska mai sauƙi. Allah ya kawo kifi, ya bar wa jikokinmu nasu rabon. Duk wanda ya fita daga mashigin nan, Allah ya dawo da shi ga iyalinsa lafiya. Allah ya saka wa kwamiti, ya saka wa masu girki, ya ƙara wa Fasto haƙuri da mu.

Abu guda ya rage, ya Shugaba. Al'adarmu ce a ƙungiyar nan mu yi zaɓe da ɗaga hannu. Ina roƙon yau a canza, a yi da baki, kowa ya faɗi nasa da ƙarfi. Ko kun yarda da ni, ko kun bi kwamiti, akwai mutum ɗaya a zauren nan da ba zai ga hannuwanku ba, kuma ina so ya ji da kunnensa abin da abokansa suka ce.

Na gode.