Danƙon Amya da Allurar Zomaye

A tashar Rano, wata mata riƙe da kwandon zomaye tana jiran motar Kibiya ta cika. Wani dattijo mai jarkar zuma ya leƙa kwandon.

"Baiwar Allah, daga ina da su haka?"

"Rigakafi na kai su, Baba. Ciwon nan mai sa su majina ya shigo mana garinmu Nariya."

"Ni nawa ba a taɓa tsira musu allura ba. Danƙon da ƙudan zuma ke liƙe bakin amya da shi nake jiƙa musu a ruwan sha."

"Ni ma ina ba su. Malamin dabbobi ya ce a haɗa biyun. Danƙon taimaka wa allurar yake yi, ba ya isa shi kaɗai."

"Wannan mai babur ɗin? Yaushe aka haife shi? Shekara talatin ina ɗaura amya a Rurum."

"Allah ya ƙara albarka. Zomayen naka nawa ne?"

"Goma sha takwas." Ya gyara wa jarkar zama. "Kafin damina."

"Yanzu fa?"

"Uwar tana nan. Ita akwai ƙarfin jini."

Matar ta gyara riƙon kwandonta. Kwandasta ya fara kiran fasinja.

"Shi mai babur ɗin," in ji dattijon, "wace rana ake samunsa?"