Giginyar Barde ta Ƙarshe

Assalamu alaikum. Ranka shi daɗe Uban Ƙasa, Malam Liman Allah gafarta maka, Maigarin Kwargaba, iyayena, 'yan uwa jikokin Barde, sannunku da zakuwa. Ni Kaltume anka ce in yi magana don ni ab babba ga mata. Ban yi boko mai nisa ba, ku yi haƙuri da bakina.

Mun taru don kakanmu Barde Abdulƙadiri. Ya kasance shugaban mayaƙa tun zamanin da Wurno take sansanin tsaron iyaka. Ya kasance shi aka turawa gaba, dajin da ba a sani ba, shi gano hanya da ruwa kamin rundunar ta biyo. Innarmu Tani ta ce duk inda yat tarad da ruwa sai shi bizne ƙwallon giginya nan, don na baya su hango ta daga nesa su san akwai abin sha. Daga nan har Rara, har wajen Goronyo, giginyunai sunka yi layi. Ya kasance mutum da ya san ba shi shan inuwarsu, amma ya shuka.

To mu mi munka yi? Wallahi kunya nika ji. Azara munka yi da su. Wanga ya sare, wancan ya sare, duk mai ginin ɗaki cikinmu sai shi ce ai ta kakana ta. Baƙo bai taɓa ko guda ba, mu ɗin na. Jiya jikata Raihana ta ce, "Inna, ina giginyun da kike hwaɗi?" Nic ce ta ɗaga kai ta dubi rufin ɗakin.

Guda ɗai ta rage, cikin gonar albasar Lawwali, kuma na ji masu sara na tahe ran Talata. Lawwali ƙanena, kada ka sunkuyar da kai, ba kai kaɗai ba na. Na san ɗakin ɗanka Ja'afar za ka ruhewa, aure ya matso. Ni ina da kwanon rufi da nis saye don nawa ɗaki, zaka ka ɗauka yau. Ni na saba da yoyo. Ka bar muna ita tsaye.

Ka ce mi? Ɗaga murya Liman shi ji. Ka bari? Alhamdu lillahi! Jama'a kun zan shaidu.

Na gode da kunka saurare ni. Allah shi jiƙan Barde, shi shayar da shi awa yadda ya shayar da mutane, mu kuma shi yahe muna. Malam, a yi muna Fatiha.