Baiwar da Muka Hana Mararraba

Mai girma Hakimi Wigferth, shugaban wannan taro. Uwa Tidburh ta gidan zuhudu. Limamanmu, dattawan gari, makiyaya da masunta, maza da mata: ina gaishe ku.

Na gode da kuka zaɓe ni in yi magana kan marigayi Bishop Eldmod, yau da muke mayar da ƙasusuwansa sabon coci. Kun ce ni, Hunwald, na fi kowa saninsa, don shekara talatin ina kula masa da gandu. Da kun san abin da na sani, da wani kuka zaɓa.

Na farko, halinsa. Ya shiga kowane ƙauye cikin ruwa da laka, ya yi wa 'ya'yanmu baftisma, ya binne iyayenmu, ya ci gurasar sha'irinmu bai taɓa yamutsa fuska ba.

Na biyu, wasiyyarsa. Kun san al'ada: in bishop ya rasu, a kai bayinsa mararraba, a nuna musu hanyoyi huɗu, kowa ya bi wadda ya so. Yana kwance ya kama hannuna ya ce, "Har da Golde, Hunwald. Na san ka da zuma."

Golde ce baiwar da ke kula da amyoyin gandu, ita kaɗai ƙudan zuma ke saurara wa. Ranar 'yantawa na tura ta daji, wai wani taron zuma ya gudu. Bayi goma sha ɗaya suka tsaya a mararraba, limamin da ke 'yanta su ya duba ni, ni kuma na duba ƙasa. Da ta dawo ta tarar bukkoki wayam, sai ta ce, "Baba Hunwald, ashe dai kowa ya gudu, ban da zumar."

Na ɓoye mata gaskiya, limami ya rufa mini asiri, ku ma da kuka sha giyar zuma a bukukuwanku kun kau da kai. Shekara goma sha tara kyandir ɗin da ke ci a kabarinsa da kakin hannunta ake yin sa.

Na uku, roƙona. Ga ta can bakin ƙofa, gashinta ya yi fari. Ranka ya daɗe, kada a ɗaga akwatin ƙasusuwan nan sai mun taka da ita zuwa mararraba, ni a gaba, kowa na kallona.

Allah ya ji ƙan Eldmod, ya gafarta mana, ya ba Golde ƙarfin ƙafa duk hanyar da ta zaɓa, ya mai da kowa gida lafiya.

Na gode.