Rigar Sanyin Zuwa Kanada

A gaban allon sunaye na sansanin 'yan gudun hijira a Kakuma, wata mata ta tsaya kusa da wani dattijo da ke zufa cikin ƙatuwar rigar sanyi.

"Baba, lafiya? Zazzaɓi ne?"

"Kanada zan tafi. Kada kira ya riske ni ban shirya ba."

"Ni ma yau sunana ya fito! Naka fa?"

"Shekara shida ke nan da fitowarsa. Kullum sai a ce ƙasashen sun rage yawan ɗauka. Sau biyu ina yanka akuyar bankwana. Yanzu da kwaɗayi ya kama maƙwabtana sai su ce, 'An sa rana kuwa?'"

Ta shafa hannun rigar. "To, sayar min da ita mana, tunda tafiyata ta zo."

"Haka na ce wa mai ita."

"Shi ya tafi?"

"Ga shi can yana sayar da shayi. Shi ma wurin wanzamin bayan kasuwa ya saya."

Ta janye hannunta da sauri. "Riƙe abarka, Baba! Gara sanyi ya kashe ni a can."

"Ai kin riga kin taɓa, 'yata. Kina da akuya?"