Lambar da Ke Jikin Kwalbar Kawu Sani

Assalamu alaikum, Malam mai gabatarwa. A gafarce ni da karambanin rubutowa. Ni 'yar sakandare ce a Doha, murna ce ta hana ni yin shiru.

Kawu Sani, ƙanin Mama, zai kawo mana ziyara daga Ingila. Ya saya mata man CBD, wanda ake samu daga wiwi, saboda ciwon gwiwa, ya turo hoton kwalbar da takardar gwajinta. Malamarmu ta kimiyya ta koya mana cewa gwajin kirki sai a ɗakin gwajin da ba na kamfanin da ya yi kayan ba, kuma dole lambar kwalba ta dace da ta takarda. Na duba. Ashe kamfanin ne ya gwada kayansa, lambobin ma sun bambanta.

Na nuna wa Baba. Nan take ya kira shi: "Sani, khalas, magana ta ƙare, cire man nan daga jakarka. Ko takardar ta gaskiya ce, dokar ƙasar nan ta hana shi. A filin jirgi za a tsare ka."

Jiya Kawu ya iso lafiya, da cakulan kawai. Yanzu "Likita" yake kirana, ina ta ɓoye fuska.

Ko za ku yarda in sake rubuto muku?