A Bar Hotona a Bango Har Arba'in

Shugabar taro, Uwargida Rumyana. Fada Serafim na cocinmu. 'Yan'uwana mamata da kuka cika layin gaba kuna cin gyaɗa. Jama'ar unguwa, maza da mata, barkanku da yamma. Ni ne Stamen Vlahov, marigayi. Na gode da aka ba mamaci damar magana.

Na farko, abin da ya faru. Tsveta, 'yar mai burodinmu, tana tara hotunan da za ta nuna a ɗauke ta aiki. Ta bi mu jirgin ƙarƙashin ƙasa na Sofiya, ta ce mini, "Kawu Stamen, kada ka yi murmushi, zauna yadda kake." Na zauna yadda nake. Ta wanke hotunan baƙi da fari, ta zagaye su da baƙin layi, ta rubuta sunayenmu, ta manna a bangon bakin tasha, daidai inda muke manna sanarwar rasuwa.

Na biyu, abin da ya biyo baya. Kafin azahar furanni sun taru a gindin bangon. Inna Gergina ta tare ni a matakala, ta miƙo mini dafaffiyar alkama, wadda muke rabawa sadaka idan an yi rasuwa, ta ce, "Ci, saboda ran Stamen."

Na ce, "Inna, ai ni ne."

Ta dube ni, ta dubi bangon, ta ce, "Kai dai ci. Wancan ya fi ka kyan gani."

Na ci, jama'a, kuma ta yi daɗi.

Yau an tara mu don a yage hotunan. Ina roƙonku, a yage na kowa, a bar nawa. Ƙanena Zahari da ke garin Ruse ya daina yi mini magana tun da muka yi faɗa kan gangar giyar mahaifinmu, kuma har gobe shi ne da laifi. Wani ya kai masa labarin bangon. Ya buga wa matata waya yana kuka kamar yaro, yana cewa, "Donka, da na sani da na bar masa gangar! Zan zo addu'ar arba'in." Ina gefe ina ji, ni ma na yi kuka, amma na toshe bakina da tawul.

Na san ƙanena. Idan ya ji ina numfashi, zai mayar da tikitinsa, ya koma fushinsa. Ni kuwa na tsufa, ina kewarsa, ina so in rungume shi ko da zai mare ni daga baya. Saboda haka, Fada, ba na ce ka yi ƙarya ba, ka dai yi shiru. Tsveta, ki zo da kyamararki ranar arba'in ɗin.

Allah Ya jiƙan mamatanmu na gaske, Ya ƙara wa na bango lafiya, Ya ba yarinyar nan aiki, Ya kawo Zahari lafiya. Wanda ya gan ni a jirgi kafin ranar, ya kau da kai.

Na gode.