Kwalaben Nono

MAI JEGO: Salamu alaikum. Mama? Ina wuni?

UWAR MIJI: Wa'alaikumus salam. Wace ce? Ɗaga murya, janaretan maƙwabta ya cika min kunne.

MAI JEGO: Ni ce, Mama, matar ɗanki. Daga asibiti.

UWAR MIJI: Au, mai jego! Lafiya lau. Ya jiki?

MAI JEGO: Da sauƙi, alhamdu lillahi. Ya gida? Ya ƙoƙari da jaririya?

UWAR MIJI: Ƙoƙari kam muna yi, tunda an bar mana. Da tsufana na koma goyo.

MAI JEGO: Allah ya saka da alheri. Ya gwiwar taki?

UWAR MIJI: Tana nan. Ni dai ban kwanta mata ba.

MAI JEGO: Mama, dama gobe da safe za a shiga da ni tiyata. Likita ya yarda a kawo min ita yau kafin a rufe ziyara, in ɗan gan ta. Rabona da ita tun kafin cibiyarta ta faɗi.

UWAR MIJI: A kawo wa? Layin yana yankewa.

MAI JEGO: 'Yata, Mama. A kawo min ita.

UWAR MIJI: Ƙawar tawa? Cikin wannan warin magani? Ba jiya aka ce an yi aikin ba?

MAI JEGO: Na jiya somin taɓi ne. Sun zura siririn bututu ta cinyata, suka toshe jijiyoyin da ke kai wa abin jini, don kada in zubar da jini da yawa gobe.

UWAR MIJI: Wai ni mene ne abin nan? Kowa da abin da yake faɗa. Na ji ana cewa daji ne.

MAI JEGO: Wallahi ba daji ba ne. Ƙullin jijiyoyin jini ne a cikin ƙashin bayana. Likita ya ce mutane da yawa suna da shi har su tsufa ba su sani ba. Nawa ciki ne ya kumbura shi, ya danne laka, shi ya sa ƙafafuna suka mutu. Gobe za su cire inda ya danne, su cike ƙashin da siminti, su ɗaure da kusoshi.

UWAR MIJI: Siminti? Kusoshi? Ikon Allah! Mata ɗana ya aura ko kango?

MAI JEGO: Mama...

UWAR MIJI: A'a, tambaya na yi. To za ki tashi?

MAI JEGO: Sun ce ana tashi. Da yawa suna tafiya da ƙafarsu. Amma ba su yi min alkawari ba. Shi ya sa nake so in riƙe ta yau, in ba ta nono da kaina ko sau ɗaya.

UWAR MIJI: Kada ki ɓata mata ciki. Yarinya ta saba da madarar gwangwani, ta yi ɓul-ɓul, kumatu kamar...

MAI JEGO: Madarar gwangwani?

UWAR MIJI: Eh mana. Tun ranar da aka kwantar da ke.

MAI JEGO: To nonon da nake tatsa fa? Kullum babanta yana tafiya da kwalabe a kula, da ƙanƙara.

UWAR MIJI: Alo? Ban ji ba.

MAI JEGO: Kin ji ni, Mama. A kwance nake tatsarsa, ko zama ba na iyawa. Nas ce ke riƙe min kwalbar. Maganin ciwo ma sai da na sa aka canja min zuwa wanda ba ya shiga nono, ina kwana ina cizon filo. Ina nonon yake zuwa?

UWAR MIJI: Makwarara yake zuwa, tunda sai kin ji. In ɗura wa jikata ruwan jikin da ke tsiro a ƙashi? Ita ma ƙafafunta su shanye?

MAI JEGO: Innalillahi! Ba a ɗauka, Mama! Likita ya faɗa a gaban babanta, ba ya bin nono!

UWAR MIJI: Likita ba shi zai yi jinyar gurguwa biyu a gida ɗaya ba.

MAI JEGO: Shi ya sani? Babanta ya san ana zubarwa?

UWAR MIJI: Ke ma dai. Ni da wannan gwiwar zan sunkuya bakin makwarara? Shi yake juyewa, ya wanke kwalaben tas, ya mayar miki da safe. Ya ce a bar ki ki yi ta tatsa, yana ɗauke miki hankali.

MAI JEGO: Jiya ma ya ce min ta shanye duka... har ta yi gyatsa...

UWAR MIJI: To kuka kuma na mene ne? Tausayinki ya ji. Wani da tuni ya... Kai, ga ta nan ta farka. Yi shiru, ƙawata, yi shiru, ga ni.

MAI JEGO: Ita ce? Muryarta ce? Mama, don girman Allah sa mata wayar a kunne. Ba sai an kawo ta ba, na haƙura. Ta ji muryata kawai.

UWAR MIJI: Ta ji ta san wa? Tsorata ta za ki yi da wannan shessheƙar.

MAI JEGO: Na daina. Kin ji, na daina. Mama, gobe ban san ko zan...

UWAR MIJI: Ruwan madara yana hucewa. Allah ya sa a yi a sa'a. 'Yarki tana nan, ba inda za ta. Ranar da kika tako da ƙafarki, ki zo ki ɗauka.

MAI JEGO: Mama! Alo? Mama?